Gwanjon masu kuɗi: tsohuwar jaka ta miliyar 5, tsohuwar mota ta miliyar 88

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe ana fasa dilar bosho, a Katako ne ko a kasuwar Dole ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya san ƙa'idar sana'ar. Rigar da ta koɗe, ko hannunta ya yage, ko wuta ta taɓa ta, ita ake turawa gefe a haɗa da tarin na dala ashirin-ashirin. Mai tabo ba ta da kuɗi. To ƴan uwa ƴan kasuwa, yau mun kawo muku labarin wata kasuwar gwanjo da ke ci a Paris da Landan da Niyok, inda wannan ƙa'ida take a juye: can, sau da yawa tabon ne ake saye.

Kalmar gwanjo dai ma'ana biyu gare ta a bakinmu. Akwai kayan da wani ya sa ya tuɓe, akwai kuma irin cinikin da ake tara masu saye a sallama wa wanda ya fi tayi, kamar yadda duwan ke yi da kayan da aka kama. A kasuwar da muke magana, ma'anonin biyu sun haɗu wuri guda: tsofaffin kaya ne, kuma da tayi ake sayar da su. Manyan gidajen wannan dillanci biyu ne, dukansu haifaffun Landan: Sotheby's da aka kafa a 1744, da Christie's da aka kafa a 1766.

Jakar Jane Birkin

Ranar 10 ga Yuli 2025, a gidan Sotheby's na Paris, aka fito da wata baƙar jakar fata ta mata. Jakar ta sha jiki. Fatarta ta kakkarce, akwai shatin takardun manne na ƙungiyoyin agaji da aka taɓa liƙa mata, har da ɗan abin yanke farce yana reto a jikin maratayinta. In da Hajiya mai sayar da jakunkuna a Wadata za ta ci karo da ita cikin dila, ba ma jin za ta rataye ta a gaban rumfa. An buɗe tayi da yuro miliyon 1. Mutum tara suka yi ta ja, wasu a zauren, wasu ta wayar tarho, kuma cikin minti goma aka buga guduma a kan yuro miliyon 7. Da aka ɗora la'ada, mai saye ya biya kusan yuro miliyon 8.6, wato sefa miliyar 5 da miliyon 600 da ɗoriya. Wani kamfanin Japan mai suna Valuence ne ya saye, kuma sana'arsa ba wata ba ce illa saye da sayar da kayan alatu na hannu. Ɗan gwanjo ne shi ma, sai dai babba.

Me ke cikin jakar? Labari. Mai ita, Jane Birkin, mawaƙiya ce kuma ƴar wasan sinima, haifaffiyar Ingila da ta yi rayuwarta a Faransa, ta rasu a 2023. A farkon shekarun 1980 ta hau jirgin sama daga Paris zuwa Landan, kayanta suka zube a gaban mutumin da ke zaune kusa da ita, ta yi ƙorafin cewa ta rasa jakar da za ta ɗauke tarkacen uwa mai ƙaramar ɗiya. Ashe mutumin Jean-Louis Dumas ne, shugaban kamfanin Hermès. Nan cikin jirgi aka zana siffar jakar a kan takardar da ake ajiye wa fasinja mai jin amai. Kamfanin ya ɗinka mata ta farko, ya sa wa samfurin sunanta, kuma tun daga nan jakar Birkin ta zama abin da matan attajiran duniya ke bin layi su samu. Wadda aka sayar a Paris ita ce ta farkon, da haruffan J.B. a jikinta. Jane Birkin ta ba da ita a 1994 aka yi gwanjonta don taimakon masu fama da ciwon sida, a 2000 wata mai kantin tsofaffin kayan alatu a Paris ta saye ta, ta riƙe ta shekara 25. Hanyar da jakar ta bi sananniya ce, da shekara da takarda. Wannan ne kuɗin.

Mu ɗan tsaya a kan la'adar, don nan ne ɗan kasuwa zai fi buɗe kunne. Tsakanin miliyon 7 na guduma da miliyon 8.6 da aka biya, akwai fiye da yuro miliyon 1 da rabi, sama da sefa miliyar 1. Wannan rabon gidan dillanci ne daga wajen mai saye kaɗai. A al'adar sana'ar, mai kaya ma ana yanke masa wani kaso daga abin da ya samu, sai fa in kayansa na da girman da zai iya yin ciniki a rage masa ko a yafe. Dillalin kara da ke karɓar la'ada hannu biyu, wajen mai rago da wajen mai saye, ashe yana da manyan ƴan uwa masu kwat da wuyan riga.

Sauran tsarin ma ba baƙo ba ne a gare mu. Kafin ranar gwanjo, gidan na buga kundin kaya da hotuna da tarihin kowane abu, ya kuma faɗi ƙiyasin kuɗinsa, ƙasa da sama. Akwai kuma wani farashi na ɓoye tsakanin mai kaya da dillali, wanda in tayi bai kai shi ba, ba a sallamawa. Albarka ke nan, sai dai ta can ba da baki ake faɗin ta ba: mai guduma ya wuce zuwa kaya na gaba, abin ya koma gida. Kuma kayan da ya koma gida a gaban jama'a darajarsa na raguwa, kamar dai saniyar da kowa ya gani ta kwana kasuwa uku ba a saye ba.

Yagaggiyar riga da wasiƙar fada

A watan Yuni 1981, wata ɗaya kafin bikinta da yariman Ingila Charles, Diana ta je kallon wasan dawaki sanye da jar rigar sanyi mai zanen fararen tumaki jere-jere da baƙa guda a cikinsu. Wasu mata biyu masu ƙaramin kamfanin saƙa, Sally Muir da Joanna Osborne, su suka yi ta. Ba a jima ba wasiƙa ta zo musu daga fadar Buckingham cewa bakin hannun rigar ya lalace, ko za a gyara ko a sake wata. Suka aika sabuwa, tsohuwar kuwa aka manta da ita. Sai a watan Maris 2023 ɗaya daga cikin matan ta ci karo da ita a ɗakin ajiyar tarkace na saman gidanta, naɗe cikin zanen gado. Sotheby's ya ƙiyasta mata dalar Amurka 50,000 zuwa 80,000 (dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba). A watan Satumba na shekarar, a Niyok, aka saye ta a kan fiye da dala miliyon 1 da dubu 100, wajen sefa miliyon 700.

Riguna masu wannan zane an saƙa su da yawa, har an sake fito da su kasuwa a shekarun baya-bayan nan. Abin da ya raba wannan da sauran shi ne yagewar hannun, da hotunan ranar wasan da aka gwada da ita, da wasiƙun fada da aka haɗa aka sayar tare. In da matar ta ɗinke hannun, ko ta jefar da wasiƙun lokacin shara, da ta yi asarar da ba ta san ta yi ba.

Masu son ƙwallo kuma sun san ranar 22 ga Yuni 1986, da Maradona ya ci Ingila ƙwallo biyu a Meziko, ɗaya da hannu. Shuɗiyar rigar da ya sa ba wata ta musamman ba ce: a wani kanti na birnin aka sayo wa ƴan wasan Ajantina su cikin gaggawa saboda zafi, aka ɗinka musu tambari. Bayan wasa ya yi musanya da ɗan wasan Ingila Steve Hodge, wanda ya riƙe ta shekara 36. Da aka sa ta gwanjo a 2022, ɗiyar Maradona ta fito ta ce ba ita ba ce, wai ta kafin hutun rabin lokaci ce, alhali ƙwallayen biyu bayan hutu aka ci su. Ka ga nan miliyoyi na rataye a kan minti 45. Gidan dillancin ya ɗauki masu bincike suka gwada zare da ɗinki da lambar baya da hotunan wasan, suka tsaya a kan cewa ita ce. A watan Mayu 2022 aka saye ta fam miliyon 7 da dubu 100, sama da sefa miliyar 5.

Motocin da ba a hawa

A ɓangaren motoci lissafin ya wuce hankali. Ranar 5 ga Mayu 2022, a gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz da ke Shtutgart a Jamus, aka yi wani gwanjo na gayyata, ba kowa aka bari ya shiga ba. Abin sayarwa mota ce ta 1955, ƙirar 300 SLR, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya ƙera ta, Rudolf Uhlenhaut. An sallama a kan yuro miliyon 135. Da kuɗinmu, sefa miliyar 88 da rabi ke nan. Ɗan kasuwar da ke cin ribar jikka goma kullum, ba ya taɓa ko dala daga ciki, sai ya yi fiye da shekara 24,000 kafin ya tara su. Ba a faɗi sunan mai saye ba, wani dillali ne ya yi tayi a madadinsa. Kamfanin ya ce kuɗin za su shiga asusun tallafa wa ɗalibai.

Dalilin tsadar a fili yake: guda biyu tak aka ƙera, ɗayar kuma tana gidan tarihin ba ta sayarwa ba ce. Haka Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 aka yi: an sayar da ɗaya dala miliyon 48 da ɗoriya a 2018.

Mun san abin da wani Alhaji zai ce yanzu: ai akwai tsohuwar Peugeot 504 a bayan gida, tun ta marigayi, kaji na ƙwai a cikinta. Alhaji a yi haƙuri. Motar 504 ta fito a 1968, an ƙera fiye da miliyon 3, an kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Mota ce mai amana, ta ɗauki buhuna da fasinja tsakanin Maraɗi da Katsina fiye da yadda masu ƙera ta suka yi mafarki, amma tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Cikin dangin 504 ma, masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen sama, waɗanda aka yi kaɗan, su ne masu tara motoci a Turai suka fi nema.

Amma akwai ranar da bayan gida ya yi magana. Roger Baillon ɗan kasuwa ne mai manyan motocin dakon kaya a yammacin Faransa, kusa da garin Niort. Lokacin da harka ke ci, daga shekarun 1950, ya yi ta sayen tsofaffin motoci masu daraja da niyyar buɗe gidan tarihi. A shekarun 1970 kasuwancin ya karye, aka sayar da wani kaso, sauran aka bar su ƙarƙashin rumfunan kwano, ruwa da tsatsa da ciyawa na ci. Ya rasu, ɗansa ma ya rasu, sai jikoki suka kira masu ƙiyasi. Motoci wajen 60 aka fitar gwanjo. A cikinsu akwai wata Ferrari 250 GT California ta 1961 da ɗan wasan sinima Alain Delon ya taɓa hawa, an lulluɓe ta da tarin tsofaffin mujallu. Gidan Artcurial ya sayar da ita a Paris a watan Fabrairu 2015 a kan yuro miliyon 16 da dubu 300, sama da sefa miliyar 10 da rabi. Abin da ya ba mu dariya, motocin ba a wanke su ba aka kai su wurin baje koli, da ƙurarsu da tsatsarsu. Dillalan sun san ƙurar na cikin abin sayarwa.

Kada a ɗauka kullum sallah ce. A watan Agusta 2019, a Montere ta Amurka, aka fito da wata mota ta 1939 mai suna Type 64, wadda Ferdinand Porsche ya ƙera, ana sa ran dala miliyon 20. Mai guduma ya buɗe da miliyon 13, amma a Turancin Ingilishi sha uku da talatin sun yi kama a kunne, sai mai rubuta allo ya sa 30. Yana cewa 14 allo na nuna 40, har aka kai 17 allo na nuna 70, zaure ya ɗauki sowa ana ganin an kafa tarihi. Da aka gyara kuskuren, sowa ta koma ihu, ba wanda ya ƙara ko sisi, motar ta koma gida. Dama kuma akwai gardama a kanta, don kamfanin Porsche kansa yana lissafa motarsa ta farko daga 1948 ne. Labarin da ke da tsaga ba ya ɗaukar nauyin miliyoyi.

Dilarmu da dutsenmu

Ina ruwan mai rumfar bosho da duk wannan? Da ruwanta, ko da kaɗan ne. Dilolin da ke shigo mana ta tashoshin ruwan gaɓar teku daga Turai da Amurka aka tattaro su, kuma ko da yake kamfanonin tantancewa na can suna tsince mafi daraja tun kafin a ɗaure, ba duka suke gani ba. Akwai wani ɗan asalin Togo mazaunin Paris, Amah Ayivi, da ya yi suna da wannan: yakan sauka kasuwar gwanjo ta Hedzranawoe a Lome, ya tsinci tsofaffin rigunan aiki na leburorin Faransa da makamantansu a kan kuɗi kaɗan, ya mayar da su Paris ya sayar wa ƴan gayu da tsada a ƙarƙashin sunan Marché Noir. Kayan sun je Afirka a matsayin shara, sun koma a matsayin ado. Abin da ya fi maƙwabcinsa na kasuwa da shi ido ne: ya san irin yadi, da irin maɓalli, da tambarin wuya na kowane zamani.

Tsohon wandon Levi's ma haka. A watan Oktoba 2022, a jihar Niyu Meziko ta Amurka, an sayar da wani na shekarun 1880 da aka tono a tsohon ramin haƙar ma'adinai, da ɗigon kakin kyandir a jikinsa, a kan dala 87,400 har da la'ada, fiye da sefa miliyon 55. Ba muna cewa irinsa na cikin dilar gobe ba ne, kuma duk wanda ya bar cinikin yau ya zauna jiran wandon miliyoyi, yunwa za ta koya masa hankali. Amma mun sha ganin ana yanke tambarin wuyan riga don yana ƙaiƙayi, ko a rage tsawon tsohon wando don ya shiga, kuma a wajen masu wannan nema, da an yi haka an gama da shi.

Babban abin da ya shafe mu kuwa ba riga ba ne. Kwana shida bayan cinikin jakar Birkin, ranar 16 ga Yuli 2025, gidan Sotheby's ɗin nan dai ya sayar da wani dutse a Niyok. Nauyinsa ya kusa kilo 25, kuma shi ne mafi girman ɓallin duniyar Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. An buga guduma a dala miliyon 4.3, da la'ada ya kai kusan miliyon 5.3, wajen sefa miliyar 3. A ina aka tsince shi? A jihar Agadas, cikin hamadar da ke yamma da Shirfa, a watan Nuwamba 2023.

Ku bi hanyar da dutsen ya bi, za ku ga yadda ake ƙera kuɗi. Ranar da aka ɗauke shi daga yashi, jan dutse ne mai nauyi, ba shi da suna ba shi da takarda. An yanki ɗan ƙarami aka kai Shanghai ta ƙasar Sin, masana suka tabbatar daga Mars ya fito. An yi masa rajista da lamba. An kai shi Italiya, masanan jami'ar Filorens suka yi nazarinsa, aka nuna shi a Rum a 2024, aka ajiye shi a wani gidan baje koli mai zaman kansa a garin Arezzo. Kowane zango ya ƙara masa takarda, kowace takarda ta ƙara masa sifili, kuma duk zangon nan babu ɗaya da ke cikin ƙasarmu. Abin da wasiƙar fada ta yi wa rigar Diana, shi takardun masana suka yi wa dutsen Agadas.

Hukumomin Yamai sun ce akwai alamun fataucin haram a fitar dutsen, suka buɗe bincike, kuma a watan Agusta 2025 aka dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da masu faɗowa daga sama daga ƙasar. Sotheby's ya amsa cewa an fitar da shi an kuma yi jigilarsa bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, da takardun da suka dace a kowane mataki. Farfesa Paul Sereno na jami'ar Shikago, wanda ya daɗe yana tonon ƙasusuwan dabbobin dauri a hamadarmu, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce a mayar wa Nijar da abinta. Gidan dillancin bai bayyana sunan mai sayarwa ba, bai bayyana na mai saye ba. A kundin gwanjon, dutsen na ɗauke da sunan da masana suka yi masa rajista da shi, NWA 16788, haruffan kuma na nufin arewa maso yammacin Afirka ne kawai.